Gaisuwa ga Baƙon da Ya Zo Kano, Kano Ba Ta Taɓa Shi Ba

A gaishe da namijin duniya, mai hangen nesa, gogan da ya ɗaura niyyar ganin Kano karon farko a rayuwarsa, ya kuma fara da abin da ya fi kowanne wuya, wato neman masaukin da zai tsare shi daga Kano. Ba kowa Allah yake ba wannan basira ba. Wani in zai je tsohon birni sai ka ji yana tambayoyin marasa wayo: ina Dala take, ta ina ake shiga Kurmi, wa zan samu ya zaga da ni. Namu gwarzon ya wuce nan. Yana kishingiɗe a falonsa, a Abuja ne ko Legas ko Yamai, waya a hannu, ɗan yatsa na share hotunan ɗakuna, tambayoyinsa duk na manya. Taurari nawa otal ɗin yake da su? Janaretansu yana kwana a kunne? Akwai wurin ninƙaya, ko da shi bai iya ruwa ba? Sai kuma uwar tambayoyin, wadda ta isa a rubuta ta da ruwan zinare: daga nan zuwa filin jirgi minti nawa ne? Mutumin da bai shiga gari ba amma ya riga ya auna hanyar fita, ai ya ci a buga masa tambari.

Allah kuwa ya dafa masa, ya dace. Masauki ya samu can wajen Nassarawa ko Bompai, inda itatuwa ke da inuwa, tituna ke da faɗi, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Katanga doguwa, an naɗa mata rawanin waya mai ƙaya. A bakin ƙofa mai gadi na zura madubi ƙarƙashin mota, ya ƙame, ya sara. Sunan otal ɗin daga Landan ko Dubai aka aro shi, don kada baƙo ya farka cikin dare ya tuna inda yake ya firgita. Ɗakin kuwa tubarkalla, amma sarauniyarsa ita ce taga: gilashi ne bango guda, an liƙe shi yadda ba zai buɗu ba har tashin duniya, an sakar masa labule mai nauyi ninki biyu. Wanda ya ƙago wannan taga Allah ya saka masa. Ta cikinta ƙura ba ta shiga, hayaƙin tsire ba ya shiga, kiran sallar asuba da ke tashi daga masallatan birni, wannan na amsa wancan, shi ma ba ya shiga. Sai gurnanin janareta da hucin na'urar sanyi, masu sa barci. In baƙo ya so nishaɗi ya ɗaga labule, zai ga tankin ruwa da rufin rumfar motoci, abin da zai gani a kowane gari a duniya, hankalinsa ya kwanta.

Kada kuma a ce masu otal sun manta da tarihi. A zauren karɓar baƙi sun rataye zanen wani mahayi da rawani da mashi, dokinsa ya yi tsaye a kan ƙafafun baya, an kunna masa fitila a sama. Baƙo na jiran a miƙo masa katin buɗe ɗaki, ya ɗaga kai ya gani. To me kuma ya rage masa na Hawan Daushe?

Mahassada za su ce ragwanci ne. Ba su san tarihi ba. Wannan zaɓi yana da salsala, gado ne na manya. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su yi zaman dirshan a cikin birni ba, sai suka koma bayan ganuwa, Nassarawa da Bompai, suka kafa mazauninsu. A zamanin Gwamna Lugga aka mayar da irin wannan tsari doka, dokar garuruwa ta 1917: tsakanin unguwar Bature da ta ɗan ƙasa a bar fili yadi 440 ba gini, wai don kada sauron da ya ciji baƙi ya ƙarasa ga fari. Turawa sun miƙa mulki a 1960, dokar ta bi su. Amma ga bawan Allah mai riƙon amana, ba ɗan doka a bayansa, ba bulala, ya zura hannu a aljihu ya ciro kuɗin da za su ɗinka wa mutum babbar riga, ya sayi tazarar nan ta dare ɗaya ya gitta tsakaninsa da 'yan'uwansa. Abin da Bature ya yi da ƙarfin mulki shi ya yi da yardar ransa, har da tukuici ga yaron da ya ɗauko jaka. Biyayya irin wannan ko Lugga bai yi mafarkinta ba.

Ba a sanin girman ni'ima sai an dubi wahalar mutanen da. Kano ta shafe ɗaruruwan shekaru tana sauke baƙi, amma ta hanya mai ban tausayi. Falke ya taso daga Gwanja da goro, ko Buzu daga Bilma da gishiri, ko Balarabe daga Tarabulus da hajarsa, sai ya faɗa hannun fatoma. Fatoma ya ba shi ɗaki a cikin gidansa, a tsakiyar unguwa, ba katanga mai ƙaya ba madubi. Ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki kayan bashi, ya karɓi la'adarsa. Tuwon da za a kawo wa baƙo daga tukunyar da iyalin gida ke ci aka kwaso shi. Kafin bawan Allahn nan ya yi mako ya san limamin unguwa, ya san gidan da aka haihu da gidan da aka yi rashi, yara sun riƙe sunansa, an ja shi ɗaurin aure. Ina hutu a nan? Ina mutunci? Abin ya yi muni har wasu suka kasa komawa garinsu, suka yi aure, suka hayayyafa, ga unguwanni nan na ɗauke da tabon har yau: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa, ga kuma Fagge a bayan ganuwa inda ayarin raƙuma ke sauka a da. Duk rashin otal mai taurari ne ya jawo.

Ko malamai ba su tsira ba. Shehu Magili ya zo daga Tilimsan a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da yake a cikin gari ya sauka, inda kowa zai iya yi masa sallama, aka yi ta damunsa da tambayoyi har sai da ya zauna ya rubuta wa sarki littafi kan yadda ake riƙon jama'a. Zuriyarsa na nan a Sharifai, shaida ce ga duk mai son ganin inda sakaci wajen zaɓen masauki ke kai mutum.

Amma wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Aka sauke shi a unguwar Dala, a wani gida mai duhu da ƙarancin iska, aljihu wayam, masu bin bashi na sintiri, zazzaɓi na cin jiki. Ɗaki bai zaunu ba, dole ta fito da shi. Ya hau doki ya kutsa lunguna, ya hau Dala ya zana garin, ya yi taswirar birni da sunayen unguwanni, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000, ya lissafa cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ya koma ƙasarsu ya cika juzu'i 5 da labarin tafiyarsa, har yau masu binciken tarihinmu ba su rabu da shi ba. Dubi irin aikin da mugun masauki ke ɗora wa mutum! Da ya samu katifa irin ta gwarzonmu, da matashi huɗu, da akwatin talabijin mai tashoshin ƙwallo, da ya huta, mu ma mun huta.

Namu kam Allah ya raba shi da wannan ƙaddara. An ce kowa ya kwana lafiya shi ya so, shi kuwa ya so, ya kwana, har hantsi ya dubi ludayi. Ya sauko zauren cin abinci cikin ƙasaita, aka jera masa burodi yanka-yanka, da waken gwangwani, da shayin ɗan ƙunshi mai zare a wuya. A daidai lokacin, can cikin birni, talakawa na fama da koko da ƙosai mai zafi, da waina da miyar taushe, da gurasar da aka ɓamɓaro daga bangon tanderu tana tururi. Wasu ma rashin gata ya kai su ga bandashe: a tsoma gurasa a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da ƙuli, a kwarara man gyaɗa, a watsa yaji da albasa, a ci da hannu a tsaye ana hira da wanda ba a taɓa gani ba. Gwarzonmu cokali mai yatsu ya riƙe, shi kaɗai a tebur, ba wanda ya ce masa bisimilla.

An kuma tsare shi daga Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Rumfa, mai lungunan da mutum biyu sai sun karkace suke wucewa. Bai sha ƙamshin fatar dukawa ba, bai yi tuntuɓe da sirdi da linzami da likkafa ba, bai tsaya gaban 'yan littattafai ba, bai yi tayi an ce masa albarka ba, balle ya ƙara a sallama. Tsoho ko ɗaya bai kama hannunsa ya tambaye shi mutumin ina ne ba.

Babbar tsirar kuwa ita ce ta Ƙofar Mata, marinar da aka rubuta 1498 a ƙofarta. Wanda ya yi gangancin kwana kusa da ita zai iya samun kansa can da sassafe, ya tarar da marini tsugune a bakin rijiyarsa. Baba ne da toka da katsi aka haɗa a ciki, aka bar su kwana da kwanaki suka nuna, kumfa ta taso a sama tana ɗaukar ido. Marini ya tsoma farin ƙyalle, ya juya shi, ya ɗago ya matse. Ƙyallen zai fito da ɗan kore-kore, iska na bugunsa sai ya riƙa komawa shuɗi a gaban idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda yake so. A gefe mabuga na dukan rinannen zane a kan gungume, sanda na sauka bayan sanda, har ya yi sheƙi. In baƙo ya waiwaya kuma zai ga rijiyoyi da yawa sun ƙafe, wasu an cike su da shara, masu aikin sun ragu. Wannan abu ne mai tayar da hankali, yana iya sa mutum ya sayi zane, yana iya sa shi tambayar yadda aka yi aka zo nan. Ga warin baba mai kama shadda. Nisan masauki ya yi wa gwarzonmu maganin duk wannan.

Kada a zaci matsoraci ne. Ranar da zai tafi ya yi ta maza, ya sa aka kawo mota mai baƙin gilashi, aka nufi birni. Suka hau gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, ya ga rufin kwano ta ko'ina, ya jinjina kai. Direba, Bakane mai son garinsu, ya yi ta nuni: ga Gidan Rumfa, ga babban masallacin Juma'a da aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ga Gidan Makama inda aka tara kayan tarihin Kano tun daga farko.

"Ranka ya daɗe, ko in tsaya ka shiga? Ba za a daɗe ba."

"A'a malam direba, mu je. Ai na gani."

Ai na gani! Wasu na shekara da shekaru suna karatun Kano suna cewa ba su ƙoshi ba, shi daga kujerar baya, gilashi a rufe, kallo ɗaya ya wadatar. Haka ya yi wa Dala, dutsen da maƙera suka riƙa narka tama a gindinsa tun ƙarni na 7, mazaunin Barbushe, wanda daga kansa ake ganin birni gaba ɗaya. Aka ce masa akwai matakala. Sarkin haƙuri, mai tausayin gwiwa, ya hango shi daga nesa ya yafe masa. A bakin wata ƙofa ya fito da ƙafa ɗaya, aka ɗauke shi hoto, ya aika wa duniya ta Facebook cewa ga shi a ta Dabo tumbin giwa. Daga nan sai katafaren kantin zamani, inda ya sayi tsarabar Kano da aka ƙera a ƙasar Sin. Ya fita daga birnin yadda agwagwa ke fita daga kududdufi, ko ɗigo bai kama shi ba.

Akwai masu shisshigi da ke ba da wata shawara, ya kamata a faɗe ta don mai karatu ya san abin da zai guda. Cewa suke wai wanda zai ga tsohon gari karon farko ya fara duba taswira kafin ya duba hoton gado. Wai ya nemi ɗaki mai tsabta, mai ruwa da wuta da tsaro, amma kusa da ɗaya daga cikin ƙofofi, inda ƙafa ko ɗan gajeren zango a adaidaita-sahu zai shigar da shi birni kafin rana ta yi zafi. Wai in yana da aboki ko ɗan'uwa a Yakasai ko Gwale ko Mandawari, ya karɓi tayin kwana ko da na dare ɗaya ne. Wai in ma dole ta sa ya sauka a Nassarawa, Gidan Ɗan Hausa na nan kusa da shi, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909, ya fara daga nan, sannan ya nemi ɗan gari ya riƙe hannunsa. Har da kawo karin magana, wai matambayi ba ya ɓata, wai tafiya mabuɗin ilimi. Wa ya ce musu ilimi aka zo nema? Wanda ya bi wannan shawara zai koma gida da ƙura a takalmi, da lambobin wayar mutanen da za su riƙa kiransa suna gaishe shi, da son dawowa. Ɗawainiya ce ba ta ƙarewa.

Gwarzonmu kuwa ya koma da abin da ya fi haka daraja, wato hukunci. Yanzu shi ne masanin Kano a majalisarsu. In an taɓo zancen sai ya gyara zama ya ce ai ya je, ba komai can sai zafi da cunkoso. Ya kuma yi wa na baya hidima: ya shiga intanet ya rubuta dogon sharhi a kan ziyararsa birnin da sarautarsa ta faro daga Bagauda a 999, ya bayyana cewa tawul ɗin banɗaki bai yi laushi ba.

Zalunci ne a yabi baƙo a manta da masu masaukinsa. Jinjina ga mahukunta da attajirai, gamji-gamjin gari, waɗanda suka fahimci bukatar irin wannan baƙo suka share masa hanya. Wasu garuruwan sun ɗora wa kansu wahala: a Fas da Marrakesh ta Maroko an gyara tsofaffin gidajen cikin ganuwa an mayar da su masaukai, baƙo na buɗe ƙofa ya faɗa cikin kasuwa, kuɗinsa na zuba a hannun majemi da masaƙi. Mu Allah ya kare mu da wannan. Tsohon soro mai zanko da dagi a goshi in ya tsufa mukan rushe shi mu dasa shaguna, sai a samu wuri ya yi fes. Ganuwar da Sarki Gijimasu, mai mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginawa, sarakunan bayansa suka faɗaɗa, ta tsaya wa mayaƙa ɗaruruwan shekaru, mu mun nuna mata iyakarta ba tare da harba kibiya ko ɗaya ba. Mai bukatar ƙasar gini ya ɗiba, mai bukatar fuloti ya yanka, mai shara ya zuba. Ƙofofin da suka tare wa motoci hanya an kwantar da su an tayar da na siminti, masu kyan hoto, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. Aikin na tafiya salin-alin ne saboda alheri irin na gwarzonmu. Baƙon da ya kwana a gindin ganuwa zai tashi da safe ya ga giɓi, ya tambayi wanda ya yi. Wanda ya kwana a bayan labule ba ya tambaya, kuɗinsa ma ba ya ƙetare ƙofa balle wani a cikin birni ya ga amfanin tsohon gini ya hana a taɓa shi. Baƙo ya huta da ganin gari, gari ya huta da adana abin da za a gani, kowa ya ci riba.

Saboda haka, mai karatu, in ka tashi zuwa, yi koyi da na gaba. Kama ɗakinka tun da wuri, ka tabbatar ya yi nisa, ka tambaya ko tagar na buɗuwa, in tana buɗuwa a canza maka. Ku kuma masu iko da gari, Allah ya ja zamaninku, kada ku sassauta, saura kaɗan. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano da Dala da Kurmi da gidan sarki a jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Hawan sallar Kano ya samu shiga kundin hukumar na al'adu a 2024. Ganuwa tana nan a jerin masu jira.